Zauren Tambaya: Gidan Haya Tsakanin Doka da Lissafi

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata kusan duk a kan haya suke, kuma yawancinsu daga masu gidaje suka fito, ba daga ƴan haya ba. Na tsamo biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Amsoshin daga wuri biyu na ɗebo su: shekarun da na yi ina magatakarda a kotu nan Damagaram, da ɗakunan hayar da mahaifinmu ya bari, waɗanda ƴan'uwa suka ɗora mini kula da su. Duk inda na ce jika, sefa 1,000 ke nan.

Tambaya ta farko, daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Sabon Gari:

"Malam, na tara miliyan 15 daga fataucin wake da riɗi. Ina so in sayi fili na miliyan 3 wajen jami'a, in gina ɗaki da falo guda shida da sauran miliyan 12, in riƙa karɓar jika 20 a kan kowane ɗaya duk wata. Amma kullum ina jin ana maganar ƙayyade kuɗin haya. Abokina ya ce in bar kuɗina cikin buhu ya fi mini. In gina ko in fasa?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka gina, amma ka sake lissafi tukuna, don abin da ya kamata ya hana ka barci ba dokar ba ce.

Mu fara da ita dokar. Nijar ba ta rasa dokar haya ba. Tun ranar 18 ga Afrilu 1996, zamanin mulkin Ibrahim Ba'are Mainasara, aka sa hannu kan doka mai lamba 96-016 da ta tsara hayar gidaje. Mutane da yawa sun tsufa suna karɓar haya ba su taɓa jin labarinta ba, saboda a garinmu da baki ake ƙulla haya, a zaure, gaban dillali. Kuma gwamnati na da ikon sa wa farashi iyaka in ta ga dama, kamar yadda ta yi wa siminti a watan Oktoba 2024 bayan ambaliya. Don haka duk lokacin da ka ji an ce wata doka ta fito kan kuɗin haya, kada ka tsaya kan abin da samari suka faɗa a fada wajen shayi. Ka je ofishin tsara birane da gidaje na jiha, ko wurin wisiye (mai isar da takardun kotu da aiwatar da hukuncinta), ko wurin notar (mai tabbatar da takardun yarjejeniya), ka nemi takardar kanta. Ka duba wane gari ta shafa, wane irin gini (na banko ne, rabin siminti ne, ko siminti zalla), da ranar da take fara aiki. In ta hau kanka, ka bi ta, ko da ba ka so.

Yanzu me irin wannan doka take haifarwa? Ba sai mun yi hasashe ba, maƙwabtanmu sun gwada. A Senegal, dokar Janairu 2014 ta rage kashi 29 cikin 100 ga hayar da ba ta kai jika 150 ba, kashi 14 ga wadda ke tsakanin jika 150 da 500, kashi 4 ga wadda ta haura haka. Ƴan haya a Dakar suka yi murna. Ba a daɗe ba masu gidaje da yawa suka gano hanya: su ce za su yi gyara ko ɗansu zai shiga, a fitar da tsohon ɗan haya, a sa sabo da farashin da ya fi na da. Har sai da gwamnatin Macky Sall ta sake dawowa a 2023 da wani ragin na kashi 15, 10 da 5. In da na farkon ya riƙe, da ba a bukaci na biyu ba.

A Amurka ma an auna abin da kyau. Birnin San Faransisko ya faɗaɗa dokar ƙayyade haya a 1994 zuwa ƙananan gidajen da aka gina kafin 1980. Masu bincike daga jami'ar Stanford suka bi diddigi, suka fitar da sakamako a 2019. Ƴan hayar da dokar ta samu a cikin gida sun amfana, sun zauna ba a tashe su ba. Amma masu waɗannan gidaje sun janye kashi 15 cikin 100 na ɗakunan daga kasuwar haya, wasu suka sayar, wasu suka rushe suka sake gini, kuma haya a faɗin birnin ta tashi da kimanin kashi 5. Wanda ke ciki ya tsira, wanda ke neman ɗaki ya biya kuɗin. A Masar kuwa, inda aka daskarar da tsohuwar haya shekaru aru-aru har masu benaye suka daina gyara, sai da kotun tsarin mulki ta shiga a Nuwamba 2024, aka yi sabuwar doka a 2025 da ta ba masu zama shekara 7 kafin a warware tsohon tsarin.

Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi: takarda ba ta gina ɗaki. Inda mutane suka fi ɗakuna yawa, haya za ta tashi ko ana so ko ba a so. Damagaram ta haura mutum 300,000 tun ƙidayar 2012, ga jami'a da aka kafa a 2010, ga matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, ga ma'aikatan da ake turowa duk shekara. Amma kuma na ga abin da ke jawo irin waɗannan dokoki, na gan shi a gaban alƙali. Mai gida ya ƙara jika 5 ranar Litinin ya ce a biya ranar Juma'a. Mace da goyo a fitar mata da kaya a tsakiyar damina. Duk lokacin da muka yi haka, mu masu gidaje, mu ne muke kiran hukuma da bakinmu. Wasu za su ce ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi da aka roƙe shi a Madina. Gaskiya ne, hadisin Anas ne. Sai dai wasu malaman da suka zo baya, har da na Malikiyya, sun yi bayani cewa in aka wuce gona da iri ana cutar jama'a, shugaba na iya sa baki.

To, ga lissafin. Jika 20 sau shida sau wata 12, miliyan 1 da jika 440 ke nan a shekara, wato kashi 9.6 na miliyan 15 ɗinka. Wannan shi ne lissafin da dillali zai yi maka. Nawa daban ne. Mu ce kowane ɗaki ya yi wata ɗaya a shekara babu kowa, kuma kusa da jami'a ma zai iya fin haka, don ɗalibi in an yi dogon hutu ƙauye yake komawa. Jika 120 ta tafi. Mu ware jika 150 na gyara: ƙyaure, kan famfo, fenti, tol da iska ta ɗaga. Mu ware wata jika 120 ta lampo da kwashe masai. Abin da ya rage miliyan 1 da jika 50, kashi 7 ke nan, kuma sai ka yi fiye da shekara 14 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Ka ƙara wannan: a Burkina Faso dokar Disamba 2015 ta ce hayar shekara kada ta wuce kashi 7 na kuɗin gina gidan. In aka ɗora wannan ma'auni kan miliyan 12 ɗinka, kowane ɗaki da falo bai kai jika 12 a wata ba. Ka tambayi kanka: in abu ya yi muni har haka, zan iya ci da iyalina? In amsar e ce, bismilla. In kuwa da bashi za ka cika ginin, kana jiran haya ta biya, ka rage ɗakunan zuwa huɗu.

Gidan haya rijiya ce, ba gulbi ba. Kullum tana ba ka guga, ba ta taɓa cika maka randa goma a yini ɗaya. Wake na iya ninka maka kuɗi a shekara guda, yana kuma iya cinye rabinsu. Kada ka zuba duk jarin kasuwarka cikin bulo.

Abin da ya fi dokar muhimmanci a garin nan shi ne ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Kowa ya san yadda bazara take mana, in famfo ya yi shiru ƴan ga-ruwa suka tsawwala. Ɗan haya zai haƙura da ƙaramin falo, ba zai haƙura da sayen jarka kullum ba. Kafin ka biya kuɗin fili, ka je unguwar a watan Afrilu ka tambayi matan gidajen da ke kusa ko ruwa na zuwa, da ƙarfe nawa. Ka sa tankin ajiya cikin kasafin ginin tun farko. Sannan ka sake komawa a watan Agusta bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya, don filin da ya yi arha kusa da tabki da dalilinsa. Ka kuma tabbatar da takardar filin a meri da kanka, ka ga lambarsa a cikin littafi da sunan mai sayarwa. Fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu yana cikin shari'o'in da suka fi daɗewa a kotu.

Tambaya ta biyu, daga wata Hajiya a Zango:

"Maigidana ya rasu ya bar mini marayu huɗu da ɗakuna uku na haya. Ina bin ɗaya daga cikin ƴan hayar kuɗin wata bakwai, jika 12 duk wata. Babu takarda tsakaninmu, marigayi ne ya sa shi. Babban ɗana ya ce mu cire ƙyauren ɗakin mu yanke masa wuta, zai tashi da kansa. Halal ne? Doka ta yarda?"

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ki riƙe hannun yaron nan. Kada a taɓa ƙyaure, kada a taɓa waya, kada a sa kwaɗo, kada a fitar da ko tabarma. Gidan naku ne, amma muddin mutum yana haya a ɗaki, ɗakin mazauninsa ne a idon doka, kuma shiga da ƙarfi laifi ne da ake kai mutum komisariya a kansa. Na sha ganin mai bin bashi ya shigo kotu da gaskiyarsa ya fita shi ne mai biyan diyya, saboda ɗan hayar ya ce an ɓalle masa ƙofa, kuɗinsa da wayarsa sun ɓace. Wa zai ƙaryata shi? Alƙali kaɗai ke da ikon cewa a fitar da mutum, wisiye kaɗai ke aiwatarwa.

Rasuwar maigida ba ta warware hayar ba, a doka da kuma a mazhabar Malikiyya. Ta koma hannun magada da sharuɗɗanta. Rashin takarda ma bai kashe haƙƙinku ba, sai dai ya sa tabbatar da shi ya yi wuya. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki mai da bashin nan rubutacce. Ki kira ƙanen marigayi ko yayanki namiji, da limamin unguwa ko wani dattijo, a zauna da mutumin a zaure. A rubuta cewa ya amsa ana bin sa jika 84, hayar wata kaza zuwa wata kaza, ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu su sa nasu. Da wannan takardar kin riga kin ci rabin shari'a tun ba a je ba.

A wannan zaman ne kuma za ki gane irin mutumin da kike tare da shi. Akwai wanda ba shi da shi: albashi ya makale, ko ciwo ya kwantar da shi, ko ɗan jarinsa ya karye. Akwai kuma wanda ya ga mai gida ya rasu, ya ga mace da yara, ya ce bari in gwada. Na farko, Alƙur'ani ya ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi, aya ta 280 cikin Baƙara. A yanka masa bashin, ya riƙa biyan hayar wata da ƙarin jika 4 ko 5 a kai. Na biyu kada ki ba shi ko mako ɗaya na kyauta.

In ya ƙi zama ko ya saɓa alkawari, ki kai wa mai unguwa. Dokar ƙasa ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rikici, kuma ana rubuta takardar sulhu. Mutane da yawa da ba sa jin kunyar mace suna jin kunyar a kira su ƙofar mai unguwa. In nan ma ya gagara, sai wisiye ya kai masa takardar gargaɗi, daga nan sai kotu, a nemi abu biyu tare: biyan bashin da barin ɗakin.

Zan faɗa miki abin da lauya ba lalle ya faɗa miki ba. Shari'a tana cin kuɗi tana cin watanni, kuma duk watan da ya wuce wata jika 12 ce ke hawa kan wanda ba ya biya. Sau da yawa abin da ya fi riba shi ne a ce masa: an sauke maka wani abu daga bashin in ka ba da makulli ranar kaza, a rubuta, a sa shaidu. Amma ki tuna kuɗin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Naki tumuni ne, sauran na magada ne, akwai marayu a ciki. Abin da za ki yafe don Allah ki yafe daga rabonki. Abin da za a sauke daga nasu sai in maslaharsu ce, kuma ki shawarci malamin da ya raba muku gado.

Sauran ɗakuna biyun kuma, tun ana zaman lafiya, a yi musu takarda a wannan makon. Ba sai ta yi tsawo ba: sunan kowa da lambar katinsa, wane ɗaki, nawa ne, ranar nawa ga wata ake biya, nawa aka ajiye na kosiyo (kuɗin da ɗan haya ke ajiyewa don gyara abin da ya ɓata), wa ke biyan ruwa da wuta, wata nawa ne sanarwar tashi. Kwafi biyu, a kai meri a buga hatimi. Ki sayi ɗan littafin resi a kasuwa, duk wanda ya biya a yaga masa. Wanda ya turo ta Nita ko Amana, a adana saƙon. Kuma in da hali, kowane ɗaki ya samu kontar ɗin wutarsa, mai kati ma ya fi. Rabin faɗan gidan haya daga takardar wuta ɗaya da ake rabawa yake tashi, wannan ya ce wancan na da firji, wancan ya ce wannan na kwana da fanka.

Tambaya ta uku, daga wani mai shaguna kusa da Kasuwar Dole:

"Wani tela yana cikin shagona shekara tara, yana biyan jika 15. Yanzu wani mai sayar da wayoyi ya ce zai ba ni jika 35. Na ba telan wata ɗaya ya tashi, ya ce ba inda za shi. Shagona ne ko nasa?"

Yallaɓai, shagonka ne, amma telan ya fi ka sanin inda yake tsaye. Hayar wurin sana'a ba ɗaya take da hayar wurin kwana ba. Tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar ke cikinta tare da wasu ƙasashe 16, kuma an sabunta dokar a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Ta shafi ɗan kasuwa, ta shafi mai sana'ar hannu kamar tela, ko an rubuta takarda ko ba a rubuta ba.

Ga abin da ta ce a kan irin matsalarka. Hayar da ba a rubuta ba ana ɗaukarta a matsayin wadda ba ta da wa'adi, kuma mai son kawo ƙarshenta sai ya ba da sanarwar aƙalla wata 6, ta hannun wisiye ko ta hanyar da za a iya tabbatar da cewa ta isa. Wata ɗayan da ka ba shi ba ya aiki. Na biyu, sashe na 123 ya ce wanda ya yi shekara 2 yana sana'arsa a wuri bisa ƙa'ida ya samu haƙƙin a sabunta masa haya. Telanka ya yi tara. In ka ba shi wata shidan ya ƙalubalanta kafin su cika, kana iya fitar da shi, amma sai ka biya shi diyyar tashi. In ba ku daidaita ba alƙali ne zai yanke, yana duba cinikin da yake yi, da abin da ya kashe a shagon, da matsayin wurin, da kuɗin ƙaura. Ba ka tsira daga diyyar sai in ya yi babban laifi, kamar ƙin biyan haya bayan an yi masa gargaɗi a rubuce, ko kuma in rushe ginin za ka yi ka sake shi, kuma a nan ma shi ke da fifiko a sabon ginin.

Dalilin dokar a fili yake. Shekara tara mata na kawo ɗinkin salla wannan ƙofa. Wani ɓangare na darajar da mai wayoyi ya gani a wurin, ƙafafun masu zuwa wurin telan ne suka taka ta.

Wannan ba ya nufin ka zauna a jika 15 har abada. Dokar ta yarda a sake duba haya, kuma in kun kasa daidaitawa, sashe na 117 ya ba kotu ikon yanke sabon farashi bisa wurin da shagon yake, girmansa, tsufansa, da abin da ake biya a shagunan maƙwabta irinsa. Ka zagaya ka ji nawa na kusa da kai suke karɓa. In jika 25 ne, ka zauna da telan ka nuna masa, ku hau a hankali, 20 bana, 25 baɗi, ku rubuta yarjejeniya ta shekara 3. Mutumin da ya biya ka shekara tara ka san shi. Mai jika 35 ba ka san ko zai kai watan azumi ba, kuma in ya rufe shago ya tafi da hayar wata uku, ƙarin da ka hanga ya narke.

Ka sani kuma, tunda kana son ƙari: manyan gyare-gyare a kanka suke, wato bango, rufi, katanga da ramin masai. Ƙananan na yau da kullum su ne na ɗan haya.

Tambaya ta huɗu, daga wani matashi ɗan Birni da ke aiki a Legas:

"Baba, na gina gida a Damagaram, ina nesa. Ina so in riƙa karɓar hayar shekara ɗaya gaba ɗaya kamar yadda ake yi a nan, in bar wa dillali ya kula. Me ka gani?"

Ɗana, Allah ya yi albarka, ka yi abin kirki da ka tuna gida. Amma Legas ɗin ma da kake gani, dokarta ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya, kuma ɗan hayar da ke biya wata-wata ba a karɓar fiye da wata 6 a hannunsa. Gana ta tsaya kan wata 6 tun dokar 1963. Kodebuwa, a dokar 2018, ta ce wata 2 na abans, wato hayar da ake biya gaba, wata 2 na kosiyo, shi ke nan. Ka ga inda iska ke kaɗawa. Irin wannan iyaka ni ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, don ba ta rage wa mai gida ko dala, tana dai hana a shaƙe mai ƙaramin ƙarfi a bakin ƙofa.

A nan albashi wata-wata yake zuwa, haya ma haka. In ka nace sai shekara, za ka kori malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, waɗanda su ne masu biya a kan lokaci, ka jira wanda ke da dunƙulen kuɗi yau, gobe kuwa Allah masani. Kosiyo kuma amana ce, ba riba ba. Ka ajiye ta gefe, ranar tashi a duba ɗaki, a cire abin da aka ɓata, a mai da saura. Don kada a yi musu, a ɗauki hoton kowane bango da ƙyaure da waya ranar shiga, a tura wa juna.

Dillali aikinsa kawo ɗan haya, a biya shi ladansa sau ɗaya. Karɓar kuɗi duk wata wani aiki ne daban. Ɗan haya ya turo maka kai tsaye, ka wakilta mutum ɗaya cikin dangi, a rubuce, ya riƙa leƙa gidan, ka yanka masa wani abu sananne. Wanda aka sa aiki babu lada shi ke fara cewa ɗan haya bai biya ba. Ka je ofishin lampo ka bayyana gidan, don akwai haraji a kan kuɗin haya, kuma tara ta fi shi ciwo. Zakka ba ta hau kan ginin ba, tana kan abin da ka tara na hayar in ya kai nisabi ya shekara a hannunka.

Tambaya ta biyar, daga wani malamin makaranta mai ritaya a Garin Malam:

"Gidana na banko ne. Na kashe jika 300 na yi yaɓen siminti na canza tol. Ina da haƙƙin ƙara wa ƴan haya kuɗi?"

Malam, barka da hutawa. Ka raba gyaran gida biyu. Tol ɗin da ke yoyo ka canza, wannan nauyinka ne tun asali, don haya ake biya a kan ɗakin da ba ya zuba. Ba a ƙara kuɗi a kansa. Kuma ka yi dabara da ka yi shi da wuri: damina ta 2024 da ta kayar da tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba ta nuna wa kowa abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa, kuma in bango ya faɗa wa ɗan haya saboda sakaci, mai gida ake tambaya. Amma abin da ya ƙara wa gidan daraja, kamar yaɓen siminti, ko jawo famfo, ko ƙarin makewayi, kana iya neman ƙari a kansa.

In akwai wa'adi a takardarku, ka jira ya cika. In babu, ka tara su ka nuna musu resin kayan da ka saya, ka ba su sanarwa a rubuce, wata uku kafin sabon farashi ya fara, kada kuma ya faɗo daidai da komawar yara lakwal ko hidimar salla. In ɗakunanka biyar ne ka ƙara jika ɗaya a kan kowane, jika 60 ke nan a shekara, cikin shekara 5 duk abin da ka kashe ya dawo, har da na tol ɗin. Kafin watan Yuni kuma ka sa a hau a duba indararo, a share hanyar ruwa ta bayan katanga.